Littafin Lissafin da Baba Ke Turowa

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya tafi. Mako uku ya ba ni, kamar mai ba ɗan haya notis. Ya ce ran Lahadi ta uku zai dawo da mota ya ɗauki Baba zuwa gidansa, kusa da babban asibiti inda za a riƙa motsa masa jiki kullum, nan kuma a sa kwaɗo. Na tuna masa cewa ranar da aka binne Mama, Baba da bakinsa ya ce shi da barin gidan nan sai a kafaɗa.

Ya ce, "Auta, wancan Baban ne ya faɗa. Wannan bai san inda yake ba. Nan da can duk ɗaya ne a wurinsa."

A gaban Baba ya faɗi haka, yana karkaɗa makullin mota. Baba na kan kujerarsa ta bakin taga, ɓarin dama a sake, bakin ya karkace, idonsa a kan bishiyar lemon tsakar gida. Kwana goma sha tara ke nan ba mu ji muryarsa ba, tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Hannun hagu kaɗai ke motsi.

Na ce Baba ya san inda yake sarai. Na ce in na nuna yana gane abin da ake ciki, to shi za a tambaya, in ya ce zai zauna ya zauna, ni zan kula da shi. Yaya ya ce, "Na yarda. Amma ki kawo min shaida, ba kuka ba."

Na wanke kofin da ya sha shayi har sau biyu don haushi.

Litinin, goma da rabi na safe

Sista ta zo, wadda asibiti ke turowa Litinin da Alhamis ta motsa masa hannu da ƙafa. Na tambaye ta yadda ake gane mutum yana ciki. Ta ce in daina nuna masa hotunan jikoki ina cewa wane ne wannan, in kawo masa abin da ya fi sani a duniya. Ta ce me ya yi a rayuwarsa? Na ce shekara talatin da huɗu yana koyar da lissafi a sakandaren maza. Ta ce, "To ga amsa. Ki zauna kusa da shi ki yi lissafi yana kallo."

Dariya na yi har ta tsargu. Ni da lissafi! Awon tef kaɗai na iya, kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu. Shi ma don ɗinki ne abincina.

Na shiga ɗakin karatunsa. Komai na nan yadda ya bar shi ranar Talatar nan da ya faɗi, tabarau a kan littafi, murfin biro a ƙasa. Littafin darasinsa ne na rubutun hannu, a buɗe a babin lissafin bisa mai x a ƙarƙashin layi. A saman shafin ya rubuta dokoki biyu da jan biro. Ta farko: kafin ka taɓa komai, duba ƙasan layi, duk lambar da za ta mayar da shi sifili ka rubuta ta a gefe ka kewaye ta da shinge, don ba a raba abu gida sifili. Ta biyu: amsa baƙuwa ce, in ka same ta ka kai ta gida, wato ka mayar da ita cikin tambayar farko ka ga ko an san ta.

Ban taɓa wayarsa da ke kan teburin ba.

Litinin, biyar na yamma

Na sayo sabon littafi mai layi. Na ja kujera kusa da hannunsa na hagu, na ɗora littafin a kan katakon da muke sa masa abinci. Na zaɓi mafi sauƙi: 6/x = 2. Na ninka ko'ina da x kamar yadda misalinsa ya nuna, 6 = 2x, x = 3. Ina yi ina faɗa da ƙarfi kamar mai karanta sanarwa.

Ya dubi shafin. Ya ɗaga hannun a hankali, ya rufe littafin, ya ɗan buga bangon sau ɗaya da tafinsa.

Wato ya ishe shi ke nan. Minti uku kacal. Na ce, "To Malam, an tashi makaranta," na kwashe kayana.

Talata, bakwai na safe

Talata. Na goge tagogi duka, har na bayan gida.

Laraba, sha ɗaya na safe

Yau na hau mataki: 1/x + 1/2x = 3/4. Na haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ba ni 2/3x, na ƙarasa na samu takwas bisa tara. Ban gama ajiye biro ba sai ya sa yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, ya turo min littafin har ya taɓa cikina. Bai dube ni ba. Lemonsa yake kallo.

Na mayar masa. Ya sake turowa.

Ban san me ya sa abin ya soke ni haka ba. Ƙarya nake, na sani. Ina shekara tara ya zaunar da ni a teburin can sau ɗaya tak zai koya min rabawa. Ban gane ba, ya yi shiru yana jira, shirun ya yi min yawa na fashe da kuka. Mama ta fito da ludayi a hannu ta ce gida ba aji ba ne, wanda ke son alli ya bi shi makaranta. Daga ranar bai ƙara buɗe littafi a gabana ba. Yaya kuwa makarantar kwana aka kai shi. Garin nan kaf an ci moriyar lissafin Baba ban da 'ya'yansa biyu.

Alhamis, azahar

Ya ture.

Juma'a, takwas na safe

Abban yara ya kira. Ya ce ƙaramar ta ƙi yarda kowa ya taje mata kai, ya ce masu kaya sun fara zuwa gida suna sallama saboda shago a rufe. Ya ce, "Yaushe za ki dawo?" Na ce sai yadda hali ya yi. Ya ce wane hali? Na ce wataƙila in kwaso kekunan ɗinkin in dawo nan da zama, yara su riƙa zuwa hutu.

Sai ya ce, "Ke kaɗai kika yanke wannan?"

Na ce ruwa na tafasa, na kashe. Babu ruwan da ke kan wuta.

Asabar, uku na yamma

4/x + 1 = 3. Na samu biyar bisa uku. Ya ture.

Yaya ya kira yana tambayar labarin shaida. Na ce ana samun ci gaba sosai. Ya ce madalla, amma da muryar nan tasa ta tun muna yara in ya kama ni da sukari a baki.

Lahadi, tara na safe

Saura mako biyu. Na sauya wa kujerun falo wuri, na mayar da su inda suke.

Litinin, sha biyu na rana

Na nuna wa Sista yadda yake yi. Na rubuta wani na ba shi, ya ture a gabanta. Ta girgiza kai, ta ce masu irin wannan ciwon kan ture abin da ya dame su, cokali, magani, har hannun mai jinya. Ta ce kada in matsa masa, ni ma kada in matsa wa kaina. Ta rubuta wani abu a takardarta, na leƙa, ta karkatar da ita.

Amma cokali ba ya ture shi. Magani ma yana sha, da ɓata fuska. Littafina kaɗai yake turewa. To ko dai bai san abin da ke gabansa ba, Yaya ya yi gaskiya, ko kuwa ya sani, ni ce ba ya son gani. Ban san wanne na fi tsoro ba.

Talata, shida na safe

Wayata ta ce wuri ya cika, in share tsofaffin abubuwa. Na share hotunan ɗinki ɗari da wani abu. Jerin kira ban taɓa shi ba.

Laraba, huɗu da rabi na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi.

Tun safe na zauna da littafin Baba na bi misalansa ɗaya bayan ɗaya, har na fara jin kaina. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni haka tawa ta zo. Na zaɓi babba daga ƙarshen babin:

x/(x − 2) = 2/(x − 2) + 3

Na ninka kowane yanki da x − 2, har ukun ban manta da shi ba. x = 2 + 3x − 6. Na kwashe na tara, 2x = 4, x = 2. Lamba cif, ba ɓurɓushi. Na ja mata layi biyu a ƙasa da rula. Wallahi na ji daɗi kamar ranar da na fara haɗa wuyan riga bai tattare ba.

Na ajiye masa. Ya daɗe yana dubawa, ya fi kullum daɗewa. Sai yatsun nan biyu suka taso.

Na mayar. Ya turo. Na mayar na danne da hannuna. Ya yi wani gurnani a maƙogwaro, sautin farko da na ji daga gare shi tun ranar, ya tura da ƙarfi har littafin ya faɗi ƙasa.

Na yi masa tsawa. Ni, Baba. Na ce, "Me kake so in yi? Na bar 'ya'yana, na bar shagona, ina nan ina fama da x ɗinka kamar mahaukaciya! In ba ka son ganina ka bari Yaya ya zo ya kwashe ka!"

Ya dube ni. Ba fushi a idon, irin kallon mai jira ne. Na fita tsakar gida na tsinke lemo ɗanye guda bakwai ba dalili. Suna nan a kwano, ba su da amfanin komai.

Alhamis, goma na safe

Ba lissafi yau. Na yanke masa farce, na shafa masa mai a ƙafa. Na ce ya yafe min jiya, ina kallon ƙafar.

Juma'a, biyu na rana

Ba lissafi. Na fara ninke rigunansa, na kwance, na mayar cikin kwaba.

Asabar, sha ɗaya da rabi na safe

Mai aski ya zo. Duk bayan mako biyu yake zuwa tun Baba na da lafiya, mutum mai tumbi da surutu, furfura ta fara masa. Ashe tsohon ɗalibinsa ne. Yana ɗaura masa ƙyalle a wuya yana ba shi labarin unguwa kamar Baba zai amsa. Da zai ajiye jakarsa a kan katako sai ya ga littafina, ya buɗe ba izini, ya kwashe da dariya.

"Kai! Lissafin shinge! Anti, ke ce ɗalibar?"

Na ce ni ce, kuma an kore ni. Na gaya masa ture min littafin yake yi.

Ya tsaya da almakashi a sama. "Da yatsu biyu?"

Na ce eh.

"Ba ya kallonki, taga yake kallo?"

Na ce eh.

Ya ajiye almakashin ya riƙe ciki. "Wayyo Allah, Malam bai sauya ba! Anti, ai kin faɗi ne. Shi Malam ba ya sa jan biro a aikin ɗalibi, ba ya cewa ka yi kuskure. Ka kawo littafi teburinsa, in ba daidai ba ne ya turo maka da yatsu biyu yana kallon waje, kai za ka je ka nemo inda ka ɓata. Ni akwai ranar da na yi sawu tara. Yatsu Biyu muke ce masa a bayan ido. Malam, ka yafe mu."

Na ce in kuma daidai ne fa?

"Sai ya rufe littafin ya buga bangon sau ɗaya. Shi ke nan yabonka na shekara. Mu a kan bugun nan har faɗa muke yi." Ya buɗo shafin Larabar da ta wuce, ya bi da yatsa yana motsa baki. "Ina shingenki? Ba ki yi shinge ba. Kai baƙuwar gida ki gani. Ni da na ƙare a aski ma na san wannan."

Ya juya ga Baba. "Malam, 'yarka ce fa, ka sassauta mata." Gefen bakin Baba mai lafiya ya ɗan motsa. Na gani da idona, mai aski ma ya gani, ya ci gaba da aski yana jan hanci.

Asabar, biyar na yamma

Na kai su gida ɗaya bayan ɗaya.

Ta ranar Laraba: in x biyu ne, x − 2 ya zama sifili, tambayar ta koma biyu bisa sifili. Babu wannan a duniya. Duk matakan da na bi daidai ne, amsar ta fito tsaf, amma tana cikin shingen da ban zana ba. Tambayar ba ta da amsa sam, abin da ya kamata in rubuta ke nan.

Ta 4/x + 1 = 3: na ninka kowa da x na bar ɗayan nan a tsaye shi kaɗai. 4 + x = 3x ne, x = 2. Huɗu bisa biyu biyu ne, a ƙara ɗaya, uku. An san ta a gida.

Ta takwas bisa tara kuwa kunya ma ta hana ni maimaitawa. Ba a haɗa na ƙasa da na ƙasa. A ninka kowa da 4x, 4 + 2 = 3x, x = 2. Rabi da kwata, uku bisa huɗu. Ni mai yanka yadi kullum na kasa ganin rabi da kwata!

Shafi biyar ya ture, biyar ɗin duk kuskure. Guda ɗaya ya rufe ya buga, na ranar farko, shi ne kaɗai daidai. Ni kuma na ce an tashi makaranta na kwashe kayana. Rashin sani ya fi dare duhu. Kwana goma sha biyu mutumin nan yana min magana.

Lahadi, takwas na safe

Na sake rubuta ta ranar Laraba. A gefen dama na rubuta 2, na kewaye ta da shinge har da 'yan sanduna. Na bi matakan, na iso x = 2, na ja kibiya zuwa shingen, na rubuta: ba amsa.

Ya duba. Ya rufe. Ya buga sau ɗaya.

Shekarata arba'in da ɗaya. Na shiga kicin na yi kuka a cikin tawul ɗin goge kwano, na fito na yi masa wata.

Litinin, ɗaya na rana

Na gwada shi a gaban Sista. Na rubuta 5/(x + 1) = 3/(x − 1) a shafi biyu, ɗaya na ƙare da x = 4, ɗaya na saka kuskure da gangan ya ba da 1. Ya ture mai amsa 1, ya rufe mai amsa 4. Na sauya tambaya, na sauya jeri, sau biyar, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Sista ta soke abin da ta rubuta wancan makon. Ta ce, "To ai kin samu eh da a'a. Rubuta masa magana ki karanta masa, ki gani."

Na rubuta: shayin da nake haɗa maka ya yi daidai. Ya ture. Na rubuta: sukari ya yi yawa. Ya rufe ya buga har katakon ya yi ƙara. Wata guda ina ɗura wa bawan Allah zuma-zuma yana haɗiyewa.

Talata, tara na safe

Ba ya son bargon shuɗi. Yana son rediyo, amma ban da tashar da nake kamawa. Ya san yau Talata.

Ya san yau Talata.

Laraba, shida na yamma

Abban yara ya sa ƙaramar a waya. Ta ce ta koyi taje kanta da kanta, in ba zan dawo ba ba komai. Da ta yi kuka da ya fi min sauƙi.

Na auna ɗakin Mama da tef. Keke biyu za su shiga, da teburin yanka in an fitar da gado.

Alhamis, uku na yamma

Sista ta ce na tambaye shi maganar tafiyar? Na ce sai Yaya ya zo, don kada a ce na kitsa masa. Ta dube ni ta saman tabarau.

Na tambaye shi labule, matashi, man shafawa, ko a rage wa lemon rassa. Abu goma sha huɗu na tambaye shi yau.

Asabar, bakwai na safe

Gobe. Ai na san amsar, da bakinsa ya faɗa. To me ya hana ni zama wuri ɗaya?

Lahadi, biyu na rana

Yaya ya iso da hantsi, da katifa a bayan mota da kwalaye. Na ce ya zauna, gani ya kori ji. Na ba shi biro na ce ya kwafi wannan da hannunsa: x²/(x − 3) = 9/(x − 3), ya rubuta amsar da ya ga dama. Ya ce wannan ai a fili take, x² tara ne, x uku ne. Ya rubuta 3 ya ajiye da gadara.

Yatsu biyu. Littafin ya tsaya a kan gwiwar Yaya.

Ya ce, "Kin gani ko? Turewa yake yi kawai."

Na ce, "Faɗuwa ka yi, Injiniya. Uku na cikin shinge, tana mayar da ƙasan layi sifili. Nemo ɗayar." Ya yi tsaki, ya duba, ya soke, ya rubuta −3. Baba ya rufe ya buga.

Yaya ya ƙi yarda, ya yi wasu uku da kansa, har da dabarar mugunta. A ta ƙarshe sai na ga makullin motar ya zame daga hannunsa. Ya durƙusa a gaban kujerar ya ce, "Baba, abin da na faɗa ranar nan, a gabanka..." Baba ya ɗora masa hannun hagu a ka.

Na ji na ci nasara, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki biro na rubuta da manyan baƙaƙe, na karanta da ƙarfi: Baba zai zauna a gidansa. Auta za ta dawo nan da kekunanta ta kula da shi.

Ya daɗe yana dubawa, kamar ranar Laraba. Ya juya ga taga. Ya turo min.

Na ce wataƙila bai ji ba. Na sake karantawa a hankali, na tuna masa maganarsa ta ranar rasuwar Mama. Ya turo. Yaya ya karɓi biron a hannuna ba gardama, ya buɗe sabon shafi ya rubuta: Baba zai bi Yaya ya yi jinya. Auta za ta koma gidanta. Ya karanta masa da ƙarfi.

Ya rufe. Ya buga sau ɗaya.

Yanzu Yaya na ɗaure kwalayen littattafai. Baba ya yarda a tafi da na darasin duka, bargon shuɗi a bar shi.

Lahadi, biyar saura kwata na yamma

Sun tafi. Ina zaune a kan kujerarsa, ina jiran Abban yara ya zo ya ɗauke ni.

Kafin a fito da shi, Yaya na waje yana gyara kujerar mota, na durƙusa kusa da shi da littafin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na rubuta abin da ban rubuta ko a nan ba, ban gaya wa Yaya ba, ban gaya wa mijina ba. Ban iya karantawa da ƙarfi ba, na dai ajiye masa:

Ranar Talatar nan ka kira ni sau uku, tara da minti goma, tara da kwata, tara da minti ashirin da biyu. Na ga sunanka. Ina yankan yadin wata mata mai gaggawa, na ce in na gama zan kira. Sai azahar maƙwabci ya same ka a ƙasa. Da na ɗauka da ba ka zama haka ba. Laifina ne.

Ya bi layukan da ido har ƙasa, ya koma sama ya sake bi. Na ga yatsun sun taso, na riƙe gefen littafin da hannu biyu don kada ya motsa. Wannan karon bai kalli taga ba, ni ya kalla. Ya tura, ina riƙe, ya tura, har na saki.

Na mayar masa. Na ce, "Baba, wannan daidai ne. Na duba shi kullum tun ranar."

Ya turo.

Sau huɗu muka yi. A na ƙarshe bai janye yatsun ba, ya bar su a kan shafin, a kan hannuna, har Yaya ya leƙo ya ce mota ta shirya.

Littafin na kan cinyata a buɗe. Ban gano inda kuskuren yake ba tukuna, amma mai aski ya ce shi sawu tara ya yi. Ran Asabar zan kai wa Baba.